Muntaka Mai Ƙanƙara da Ƙungiyar Bayan Tasha

Duk wanda ya sha ruwan sanyi a tashar Matameye cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya in ba ƙanƙarar Muntaka ce ta sanyaya masa shi ba. Firji uku gare shi a zaure, da baro ɗaya, da buhunan da yake rufe kaya kada rana ta sha rabonta. Mutum ne mai sauri. Ko gaisuwa a tafe yake yin ta, don ya ce abin da ke cikin baro ba ya jiran a tambayi lafiyar iyali.

Bai taɓa buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ba. Ko yana yaro, in an raba ƴan wasa, shi ake bar wa gadin takalma.

Ɗansa na fari, Salim, shi ya kafa ƙungiyar unguwar bayan tasha, ya rubuta ta cikin gasar da kwamitin matasa ke shiryawa kowane rani tsakanin Matameye, Kance, Dungu da Tsauni. Salim ya rasu shekara uku da suka wuce, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara ashirin da shida. Bayan sadakar arba'in abokansa suka mai da sunan ƙungiyar Ƙungiyar Salim, suka kawo wa uban usur ɗinsa. Su ta'aziyya suke nufi. Muntaka ya ɗauka aiki aka ba shi. Washegari da la'asar suka tarar da shi a fili, usur a wuya, yana tambayar wace raga ce tasu.

Matsala ɗaya, shi mutumin da ne, bai taɓa kiran sunan ɗan fari da bakinsa ba. Da rai "yaron nan" yake cewa, bayan rai ma haka. Saboda haka ya zama mai horarwar da ba ya iya faɗin sunan ƙungiyarsa. Sai dai ka ji shi daga bakin fili: "Kai, ku mutanen nan, ku koma baya!" Amma ranar buɗe gasa, in mai lasifika ya zo kan sunan, Muntaka kan tsaya cik, hannu a baya, har a gama. Sau ɗaya a shekara ake faɗin sunan da ƙarfi a gabansa.

Gasar kuwa da rani ake yin ta, daidai lokacin da majiya ƙarfin unguwa suka tafi ci-rani Kano da Kaduna. Waɗanda suka rage su ne masu abin da ya ɗaure su a gida. Akwai Shekara tela, mai tumbi, wanda in balo ta zo ƙafarsa sai ya taka ta ya duba gabas da yamma kamar zai auna yadi. Akwai Malam Yasin mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da Haruna mai babur na haya, ɗan kabu-kabu, da Khalifa mai gyaran tele, wato talabijin, shi ne mai tsaron raga. Shekara biyu a jere suka zo na ƙarshe. A ta uku kwamiti ya ce wanda bai ci wasa ko ɗaya ba bana, za a ba wata sabuwar ƙungiya gurbinsa. Kance ta ci su, Tsauni ta ci su. Saura Dungu.

Ana saura mako biyu, Muntaka ya kai ƙanƙara shagon Khalifa da azahar, ya tarar yana gwada wata tele. Turawa ne a ciki, sun yi ɗamara kamar buhunan gero, takalmansu da wuƙa a ƙasa, suna bin wani baƙin abu kamar murfin gwangwani da sanduna masu lanƙwasa.

"Wannan farin dandamalin fa, siminti ne?"

"Ƙanƙara ce, Baba. Hoki ake ce wa wasan."

"Ƙanƙara? Duka?" Muntaka ya ajiye baro. "Wannan ai ta isa Damagaram azumi guda. Kuma takawa suke yi da takalmi! Ba su da manya ne a garin?"

Ya zauna don ya ci gaba da faɗa, sai faɗan ya tsaya. Ya lura in an ƙwace wa mutum murfin, ba ya tsayawa ɗaga hannu yana neman shaida, juyawa yake nan take. Wanda ya ƙwata kuma ba ya riƙewa. Ɗaya, biyu, uku, sun isa ragar abokan gaba tun waɗancan ba su gama juyowa ba. Ya kuma ga waɗanda suka gaji suna tsallake katanga su fita, wasu su faɗo ciki, wasa bai tsaya ba. Rannan a karo na farko ƙanƙararsa ta narke a baro.

Da la'asar ya zo fili da ƙatuwar ƙanƙara a buhu. Ya jera ƴan wasansa daga raga zuwa raga, yadda ake jeruwa in ana sauke kaya daga firji zuwa mota.

"Yau ba balo. Wannan za ku miƙa wa juna, hannu da hannu, kuna gudu. Wanda rigarsa ta fi jiƙewa shi zai share fili."

Shekara ya karɓa, ya tsaya duba gabas da yamma kamar yadda ya saba. Bai kai ga yamma ba ya yi ƙara ya jefa wa Haruna.

"Baba, cizo take yi!"

"To haka balo za ta riƙa cizonka daga yau. In kun ƙwata, taɓawa uku. Ta huɗu ruwa ce."

Kwana goma suna haka, rabin lokaci ƙanƙara, rabi balo. Shekara ya share fili sau bakwai. Hafsatu, matar Muntaka, ta ƙirga ƙanƙarar da ke fita ba ta ga ta isa tasha ba.

"Malam, mutane na horar da ƴan wasa, kai kana jiƙa su. Shuka su za ka yi?"

"Ke dai ki zo ranar Asabar."

"Ni da zuwa filin balo? Allah ya sawwaƙe." Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ƙarfe nawa ne?"

Dabara ta biyu bai gwada ta a fili ba, don kada labari ya kai Dungu. Ranar wasa kawai ya raɗa musu: duk wanda ya gaji ya fito, na waje ya shiga, in ya huta ya koma. Malam Yasin ya ce anya doka ta yarda? Muntaka ya ce da idonsa ya gani a tele, kuma alƙalai har uku suna tsaye ba wanda ya tanka.

Minti ashirin dabarar ta yi tana aiki. Sai wani ɗan Dungu ya lura mutumin da yake gadi ɗazu mai gemu ne, yanzu kuma ba gemu. Alƙalin wasa ya busa, ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Goma sha biyu. Malam Yasin ne ya huta ya koma, wanda ya canje shi kuma wasa ya yi masa daɗi ya ƙi fita.

"Malam, sau nawa ka shiga ba izini?"

Malam Yasin bai iya ƙarya ba. "Sau biyu."

Aka ba shi katin gargaɗi biyu a jere, aka bi da ja. Mutumin da ko makara bai taɓa yi a lakwal ba ya fita gaban ɗalibansa. Aka kori na sha biyun, aka ce ƙungiya ta ci gaba da mutum goma.

"A ƙasar ƙanƙara ana yi!" in ji Muntaka.

"To Baba, ka kai su can."

Daga nan Dungu ta tare a gidan su Khalifa. Khalifa ya tare da hannu, ya tare da gwiwa, sau ɗaya da fuska. Muntaka na bakin fili yana murza usur a tafin hannu. Kunnen doki ba zai cece su ba, sai ci. Shekara kuwa numfashi ya ƙare masa, ya tsaya a tsakiyar fili hannu a ƙugu, ƴan Dungu suka manta da shi kamar turmi.

Saura minti huɗu Dungu ta samu bugun kusurwa, kowa nasu ya taho. Khalifa ya cafke. Da can sai ya rungume ta ya kwanta ya huta. Yau ya wurga ta tsakiya. Ta sauka gaban Shekara. Duk unguwar bayan tasha ta san abin da zai biyo baya, har wani ya fara salati. Shekara ya ɗaga ƙafa zai taka, sai ya zabura kamar an sa masa sanyi a wuya, ya doke ta gaba. Haruna ya riga ya wuce kamar ya ɗauko fasinja mai sauri a hanyar Kance. Taɓawa ta uku tana cikin raga.

Da aka tashi, mai lasifika ya ce, "Dungu babu, Ƙungiyar Salim ɗaya!" Ihu ya hana a ji, sai ya maimaita, ya sake maimaitawa. Muntaka ya tsaya cik, hannu a baya. Can gefe ƙarƙashin itacen bedi, inda mata ke sayar da zoɓo, Hafsatu ta ja mayafi ta gyara shi, ko da yake a gyare yake.

Shekara ya iso yana haki. "Baba, yau wa zai share fili?"

"Malam Yasin. Ya fi kowa hutawa."

Ya mai da usur cikin riga, ya kama baro. Masu zoɓo tun ɗazu suke aiko masa, ƙanƙararsu ta ƙare.