Fil ɗin Ƙafar Hagu

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Jidda, ranar jar motar nan ba za ta fita daga raina ba. Abin da na fara gani da na shiga garejin Baba fitilunta ne, guda biyu zagayayyu kamar idon kwaɗo. An ɗage gabanta a kan jak, tayoyin gaba suna jingine da bango. 'Yar guntuwa ce, kujera biyu kacal, ba rufi, fatar kujerun duk ta tsattsage don tsufa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, na taso daga makaranta Inna ta ba ni kular abincinsa in kai masa.

Garejin shago ɗaya ne a wani lungu na Hindawiyya. Baba mutumin Damagaram ne, hannunsa yana da kyau a gyaran mota, amma a iƙamarsa, takardar izinin zama, direban gida aka rubuta, ba makanike ba. Kullum yakan ce da Inna, "Kuskure ɗaya ya isa a kwashe mu." Na sha jin maganar, ban taɓa ɗaukarta da nauyi ba.

"Mamana, zauna ki ga aiki," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Wannan ta girme ki, ta kusa girmar uwarki. Ƙafafunta ke kuka, boris ya ci."

Na zauna a kan galan na zuba ido, don ni kallo ne sana'ata, magana kuwa sai an matsa mini. Ya gama ƙafar dama ina gani. Ya ciro tsohon boris ya jefa a bokiti, ya wanke gurbin da kananzir, ya lakato giris a tafin hannu yana danna sabon a ciki har ya fito ta ɗaya gefen. Ya ɗaure noti tam, sannan ya ɗan sassauta.

"Ka matse da yawa ya ƙone, ka saki da yawa ya yi rawa," ya ce, kamar da motar yake. Sai ya ɗauko wani ɗan fil mai ƙafa biyu daga gwangwanin kifi, ya zura shi ta ramin notin, ya lanƙwasa ƙafafun. "Wannan ɗan tsurut ɗin shi ke riƙe da ran mutum." Ya buga murfi a kai.

Fil biyu ne a gwangwanin, sababbi fil, suna ƙyalli. Saura ɗaya.

Ya koma ƙafar hagu, ya yi komai kamar na farko. Yana sassauta notin ke nan aka kira la'asar. A Jidda ta wancan lokaci ba a wasa da rufe shago, nan da nan muka ji ana tahowa ana cewa, "Salah! Salah!" ƙofofin maƙwabta suna ta ƙara. Baba ya dubi giris ɗin a buɗe, ya dubi ƙurar lungu, sai ya ɗora murfin ya ɗan buga shi don kada ƙasa ta shiga. Ya goge hannu, ya ja ƙofar ya bar mini rabi, ya tafi masallaci.

Na zauna ni da motar da fil ɗin. Na ɗauke shi ina juyawa, na ce idan ya dawo zan miƙa masa.

Amma ba shi kaɗai ya dawo ba. Tare suke da mai motar, wani dattijon Balarabe mai farin gemu, da ɗansa saurayi da ke ta kaɗa makulli a yatsa. Dattijon yana ba da labarin yadda ya sayi motar tun yana ango, saurayin yana cewa, "Yalla ya mu'allim, abokaina na jira."

Baba ya dubi ƙafar hagu, ya ga murfi a rufe kamar na dama. Ya sa taya, ya juya ta, ya kara kunne. Shiru, sumul.

"Halas, an gama," ya ce.

Na miƙe tsaye, fil ɗin yana cikin tafina. Na buɗe baki. Daidai lokacin dattijon ya juyo ya gan ni.

"Masha Allah, 'yarka ce? Wannan ba ta da harshe ne? Ko a gida kuka baro shi?"

Suka yi dariya, har da Baba. Na ja gyalena na rufe fuska, na dunƙule hannu. A gidanmu yarinya ba ta tsoma baki manya na magana, balle ta nuna wa uba kuskure a gaban baƙi. Na ce a raina bari su ɗan yi shiru. Ba su yi ba. Aka sauke jak, motar ta yi gurnani, ta fice daga lungun.

Ko a lokacin, da na yi magana, da an tsayar da ita. Ko da magariba, Baba ya san gidansu. Amma kowace sa'a da ta wuce sai faɗar ta ƙara nauyi, don yanzu sai in bayyana dalilin da ya sa ban faɗa tun farko ba. Na saka fil ɗin a gidan fensirina, na yi ta gaya wa kaina wataƙila uku ne ban ƙirga daidai ba. Na san ƙarya nake. Ni ba na kuskuren ƙirga.

Kwana biyu bayan nan ƙafar hagu ta cire a hanyar bakin teku. Saurayin bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye, an ce bai ƙara tafiya ba sai da sanda. 'Yan sanda suka zo garejin da hantsi. Dattijon ya yafe, Allah ya saka masa, ya ce ƙaddara ce. Iƙama ce ba ta yafe ba. Kafilin Baba, wanda ya tsaya masa a takardar, ya ce shi direba ya sani, bai san makanike ba. Bayan makonni aka sa mu a jirgi, ni da aka haifa a Jidda na sauka a ƙasar da ban taɓa gani ba.

A Damagaram Baba bai sake taɓa mota ba, facin taya ya koma yi. Ba talaucin ne ya fi cin sa ba, rashin sani ne. Sai in gan shi zaune bayan sallah, yatsunsa suna lanƙwasa abin da babu, yana cewa, "Na sa shi fa. Ko ban sa ba? In na sa, karyewa ya yi?" Ya daina yarda da hannunsa, har ƙofar gida sai ya koma ya duba sau uku. Ni kuwa ina jin sa, ina wanke kwanoni.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kowane shiru ne ladabi ba. Akwai kunyar da tarbiyya ce, akwai wadda tsoro ne ya ari zanenta ya ɗaura. Da na jure dariyar minti ɗaya, da wani yana tafiya da ƙafafunsa, da Baba ya tsufa da sifana a hannu.

Sai da na haifi 'yata ta biyu na iya. Na same shi a zaure, idonsa ya fara rauni. Na durƙusa na buɗe tafina, na faɗa masa komai tun daga kiran la'asar. Ya lalubi fil ɗin da yatsa.

"Ashe ban sa ba," ya ce a hankali. "To, alhamdu lillahi, yau na sani. Aikina ne, Mamana, ba naki ba. Ke yarinya ce."

Ya janye hannunsa zai bar mini shi. Na riƙo hannun.

"Baba, don Allah ka karɓa. Na gaji da riƙe shi."