Tunkuzar Otis

Duk garin Elk Prairie an san Marlys Haugen da abu biyu: iya gashe-gashe da rashin yarda da mutane. Ta yi shekaru tana girki a kicin ɗin makarantar firamare, kuma har ta yi ritaya ba a taɓa sauke mata buhun fulawa ta karɓa ba tare da ta cusa hannu ta shinshina ba. In ka ce mata an yi rana a waje, sai ta leƙa taga. Mijinta Vern, tsohon direban motar share ƙanƙara, yakan ce ko ranar aurensu sai da ta juya zoben ta duba cikinsa kafin ta miƙa yatsa.

Gasa wa karnuka biskit ba da wasa ta fara shi ba. Ta taɓa kiwon wata karya da ta mutu bayan ta ci biskit ɗin kanti, likita bai ce shi ne ba, amma Marlys ta riga ta yanke hukuncinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da suka ɗauko Otis, wani jan kare mai faɗin kai da kwaɗayin tsiya, ta rantse ba abin da zai shiga bakinsa sai wanda ya bi ta hannunta.

Kowace Juma'a takan dafa kabewa ta dame, ta zuba garin alkama da dusarsa, ta fasa ƙwan da ta sayo a gonar da ta san kajinta, ta kankare karas. Ba gishiri, ba albasa, ba inabi. Abin da ke sa karnuka hauka kuwa tunkuzar gyaɗa ce, wadda take soyawa ta niƙa da kanta, ta ɗiga mata zuma ta ɗura a wata babbar kwalba. Ta murza ƙullin, ta yanka shi siffar ƙashi, ta bar shi a obin, tanderun kicin, har ya bushe ƙayau. Ran Asabar ta kai kasuwar manoma a filin coci, masu karnuka su yi layi ana jan igiya. In mai kare ta ce, “Na Marlys ne,” magana ta ƙare, ba a tambayar me ke ciki. Ita da ba ta yarda da kowa ba, wannan yardar da aka yi mata ta fi mata komai daɗi.

Sai ciwon sukari ya kama Vern. Marlys ta share gidan tas, ko ƙwayar alewa ba ta bari ba. Ta sayo masa tunkuzar kanti irin ta masu ciwon, wadda aka sa wa wani sinadarin zaƙi a madadin sukari. Ta karanta jikin kwalbar, ta san sarai sinadarin nan guba ne ga kare, don haka ta ɗora ta can saman kabad. Amma ba ta gaya wa Vern dalili ba. Marlys ba ta bayani, doka take kafawa.

“Taka ce a sama, ta Otis ce a ƙasa. Kada in ga hannunka a ta ƙasa.”

“Haba Marlys, kare na cin mai zuma, ni ina cin mai ɗanɗanon man goge haƙori? A gidan nan wa aka aura ne, ni ko shi?”

“Shi ba ya gardama. Ci abinka, tsoho.”

Da yake ta san halin kayanta, duk ranar da ta ɗiba sai ta ja layi da biro a jikin kwalbar Otis, daidai inda tunkuzar ta tsaya. Kullum ta duba, kullum tana kan layi.

Wata Juma'a cikin kaka, bayan Otis ya ci ɗanɗanonsa na gashin ranar ya fita bayan gida, sai ya dawo yana tangaɗi ya yi amai a bakin ƙofa. Zuwa yamma ya ware ya ci abincinsa. Marlys ba ta ware ba. Ta fita ta bi shingen gidan tana duba ƙasa, idonta ya tsaya a kan rumfar Dwight Kowalke.

Dwight maƙwabcinsu ne, gwauro mai gyaran injin yankan ciyawa, mutum ne da gaisuwa ke yi wa wuya. Ya taɓa cewa haushin Otis na hana shi baccin rana. Kuma kowa ya san yana zuba maganin ɓera a rumfarsa in sanyi ya gabato. Me kuma ake jira? A wurin Marlys shari'a ta ƙare tun ba a zauna ba.

“Shi ne,” ta ce wa Vern. “Ka ga yadda ya kalle ni da na leƙa?”

“Kowa ya ga kan mace ya ɓullo ta saman shingensa ai zai kalla.”

“Kai dai ba ka da ido. Mutumin da ba ya kiwon ko kyanwa, me ka sani a zuciyarsa?”

Ta sa wa Dwight ido mako guda. Ta san lokacin da yake fitar da shara da lokacin da yake shiga rumfa. Ta daina barin Otis ya fita shi kaɗai, sai da igiya, tana riƙe. A kasuwa ta ja wata ƙawarta gefe ta ce a kula da karnuka a layinsu, ba ta kama suna ba, amma ta nuna da haɓa. Kafin Lahadi rabin coci ya ji.

Juma'a ta zagayo. Marlys ta gasa biskit ɗinta, ta ƙara tunkuza fiye da kullum don ta lallashi Otis da ya sha ɗauri. Ya zauna gabanta yana buga wutsiya a ƙasa, ta ba shi ɗaya, ya haɗiye, ta ƙara masa har sai da ta ji kunyar kanta. Ba ta gama wanke kwanuka ba ta ji ƙarar faɗuwa. Otis ne kwance a gefen firij, ƙafafunsa na karkarwa, idonsa ya juye.

Vern ya ɗauke shi ya kai mota. Dwight na tsaye a farfajiyarsa riƙe da sifana. Marlys ta sauke gilashi ta ƙwala masa murya, duk layin na ji.

“In karen nan ya mutu, Dwight Kowalke, sai na kai ka gaban alƙali! Mugu!”

Dwight ya ajiye sifanar. Ya bi motar da kallo.

A asibitin dabbobi aka shige da Otis ciki da gudu. Da likitar ta fito, wata doguwar mace mai suna Pruitt, Marlys ta tare ta da maganar maganin ɓera. Likitar ta girgiza kai.

“Ba shi ba ne, Marlys. Sukarin jininsa ne ya faɗi warwas, hantarsa kuma ta fara taɓuwa. Irin wannan na fi ganinsa in kare ya ci abin da aka sa wa zaƙin masu ciwon sukari. Cingam, alewa, tunkuzar kanti. Akwai irinsu a gidan?”

“Akwai, amma tana can sama, ko ni sai na taka kujera. Yau bai ci komai ba sai biskit ɗina, kuma ni na niƙa gyaɗar.”

A nan ta ji Vern ya zauna a benci da ƙarfi. Ta juya. Ya cire hularsa yana murzawa, fuskarsa ta yi fari fat.

“Marlys,” ya ce. “Cokali ɗaya nake ɗiba. Wani lokacin biyu.”

“Ɗiban me?”

“Ta Otis. In kin tafi kanti. Sai in ga ta sauka ƙasa da layinki, in ɗebo tawa in cika, in juya sosai don kada ki gane. Na ɗauka duk gyaɗa ce. Wallahi na ɗauka duk gyaɗa ce.”

Marlys ta buɗe baki, masifar shekara arba'in na jira a harshenta, amma ba ta fito ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ita ta ja layin, ita ta ɓoye dalilin. Kuma a duk abin da ya taɓa shiga kicin ɗinta, kwalbar nan kaɗai ce ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, don da hannunta ta niƙa. Tsoro ya kama ta da ta tuna tiren biskit ɗin da ke shan iska a kan tebur, wanda gobe za ta raba wa karnukan gari.

Otis ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa. Ran Lahadi da hantsi likitar ta kira, Marlys ta saurara, ta ce to, ta ajiye wayar. Suka je suka ɗauko gawarsa naɗe da bargonsa. Vern ya yi kuka a mota kamar yaro, ita ta tuƙa.

Ƙasar bayan gida ta fara daskarewa. Vern ya sa shebur ya yi ta fama, numfashinsa na sama-sama, ramin bai kai ko gwiwa ba. Sai ga Dwight ya zagayo ta ƙofar shinge da diga a kafaɗa. Bai gaishe su ba, bai kalli Marlys ba, ya ce wa Vern ya matsa. Ya yi ta sara har ramin ya yi zurfi, sannan ya dogara da ƙotar yana share gumi.

“Me likitar ta ce ya ci?”

Vern ya ɗago kai zai yi magana. Marlys ta san duk abin da aka faɗa a nan, gobe yana bakin gari, kuma ta san wanda zai iya ɗaukarsa da wanda ba zai iya ba. Ta dafa hannun mijinta.

“Biskit ɗina ne, Dwight,” ta ce. “Ni na ba shi da hannuna.”