Ma'aunin Tela a Bakin Tafki

Tela mutum ne mai son ƙa'ida. Tun yana saurayi, duk ranar hutu sai ya rufe keken ɗinkinsa da tsohon zane, ya saɓi sandar fatsa da gwangwanin tana, ya nufi tafki. Ba don sayarwa yake kamun kifi ba, sha'awa ce kawai. Dokarsa guda ce: kifin da bai kai daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa ba, yaro ne, a mayar da shi ruwa ya girma.

A da, dokar ba ta hana shi komai ba. Yakan dawo da kifin da sai an datsa shi kafin ya shiga tukunya. Amma da shekaru suka tura, kifin ya yi ta ƙanƙancewa, hannun Tela kuwa yana nan yadda yake. Abokinsa Direba ya rage nasa ma'aunin zuwa tafin hannu, yana yi masa tsiya: "Kai dai ka zama mai ciyar da kifi kyauta!"

Da dawowa hannu rabbana ta yi yawa, sai matarsa ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Malam, ko dai ka kawo kifi, ko ka zauna a gida. Sandar nan kuwa shanya zan yi da ita."

Hankalin Tela ya tashi, domin ranar tafki ce kaɗai ba ya jin "Yaushe za a gama rigata?" Sai ya roƙe ta ta bi shi ta gani da idonta.

Ta bi shi, tana mita. Da zama ya ishe ta, ta karɓi sandar don ta rage zafin jira. Ba a jima ba zaren ya motsa, ta fizgo wani ɗan kifi mai sheƙi, ta saki guɗa har Direba, da ke nasa kamun a gefensu, ya kusa faɗawa ruwa.

Tela ya miƙa hannu a natse zai gwada shi.

"Kada ka soma!" in ji ta, tana ɓoye kifin a bayanta. "Hannunka ne ya kama? Mako mai zuwa ka samo mini tawa sandar, ka riƙe taka da dokarka."