Hoton Ƙwaƙwalwar Ƙanwata

Ina shekara ta biyar a makarantar koyon aikin likita ƙanwata ta fara ciwo. Ƙarshen shekarun tamanin ne, na dawo Kontagora hutu, ita kuma shekararta goma sha biyar, tana aji huɗu a sakandare. Na shiga tsakar gida na tarar ta naɗe rediyon Baba da zane ta tura shi ƙarƙashin gado. Na tambaye ta dalili, ta ce mai karanta labarai yana faɗin abin da ke ranta, kuma duk 'yan ajinsu sun ji. Na yi dariya, don na zaci tsokana ce. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Kafin hutun ya ƙare ta daina cin abincin da ba a gabanta aka dafa ba. Wanka sai da faɗa. Takan zauna a gindin mangwaro tana motsa baki, in ka matso ta yi shiru.

Mahaifinmu tsohon magatakardan kotu ne, da ya yi ritaya ya koma ba da karatu a zaure. Kullum da safe shi yake yi wa ƙanwata rubutun sha da hannunsa. Innarmu 'yar wajen Tungan Magajiya ce, in hankalinta ya tashi Hausa takan gudu daga bakinta ta koma yarensu na Dukanci, kuma a wannan hutun kusan ban ji ta yi Hausa ba sai in baƙi sun shigo.

Ni kuwa ina da abin da nake taƙama da shi. Wani malaminmu ya taɓa nuna mana hoton cikin kan wani mutum, wanda aka ɗauka da wata sabuwar na'ura a wani asibitin koyarwa a Kudu. Ga ƙari nan fari kamar ƙwan zabo. Ya ce mutumin ya shekara yana sambatu, da aka cire ƙarin ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar hoton bai bar kaina ba. Na sami Baba a zaure bayan ɗalibansa sun watse, na kwashe labarin na gaya masa.

Ya ce, "In an ɗauki hoton, za a ga ciwon?"

Na ce, "Za a gani, Baba."

"In an gani, ana cirewa?"

"Ana cirewa, in sha Allahu."

Sai ya ce in shirya. Amsata ta farko babu in sha Allahu a cikinta, kuma har yau ina jin nauyin wannan.

Mu uku muka tafi asibitin nan na Kudu, ni da shi da ita. Muka bi ta Mokwa, muka ƙetare gadar Jebba, tana tsakiyarmu ta rufe kunnuwanta da gefen mayafi. Kwana huɗu muka yi muna bin layi kafin a kira mu. Da ta ga gadon ƙarfen da zoben da za a tura kanta ciki, sai ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, wannan ne zai kwashe tunanina?" Na ce mata a'a, hoto ne kawai. Sai da aka yi mata allura jikinta ya saki kafin ta kwanta.

Washegari likitan ya ɗora hotunan a jikin fitila, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Ya ce ƙwaƙwalwa ce lafiyayya, ba ƙari, ba jini, ba kumburi. Ya ƙara da cewa mu kai ta wurin likitan taɓin hankali. Na fassara wa Baba rabin farko, rabin na biyu na haɗiye shi, don na san yadda sunan yake a kunnen mutanen gidanmu, kuma ni kaina kunya ta kama ni. Baba ya ce alhamdu lillahi.

A hanyar dawowa, da aka tsaya shan mai, ta juyo ta ce da ni, "Yaya, tunda ba a ga komai ba, ke nan da gangan nake yi?" Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "To mene ne?" Na sauka na sayo mata lemo.

Na koma makaranta da niyyar in na gama jarrabawa zan nemi likitan da aka ce. Hotunan na bar su a gida cikin babban ambulan, kuma duk wanda ya zo dubiya sai an ciro an nuna masa. Gwaggo, yayar Baba, ta ɗaga ɗaya a rana ta ce ai magana ta ƙare, na'urar Turawa ma ta shaida kan yarinya ƙalau yake, saura a nemi masu sanin iska. Ƙanin Baba ya ce ya san wani mai magani a wani ƙauye bayan Kaboji. Baba ya ƙi, ya sake ƙi, har ranar da ta fita ba mayafi aka tsinto ta a tasha. Daga nan ya daina ƙi.

Wasiƙar da ta sanar da ni an kai ta can ta yi mako uku a hanya. Na taho ranar da na karanta ta, na zarce zuwa ƙauyen ko gida ban shiga ba. Na same ta a wata rumfa ta zana da wasu mata biyu, an sa mata mari a ƙafa an ɗaure a jikin turke. An aske mata kai. Ta rame har ban gane ta nan take ba, ita ce ta gane ni. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Yaya, ka zo da ruwa?"

Mai maganin bai yi mini musu ba. Ya ce iyayenta ne suka kawo ta, in ɗan'uwanta ya zo ɗauka shi ba ruwansa. Da muka iso gida Inna ta ga idon sawun ƙanwata, sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye. A zaure na gaya wa Baba abin da likitan Kudu ya ce wanda na ɓoye. Na yi tsammanin faɗa. Ya ce kawai, "Da ka faɗa mini a can, da mun wuce kai tsaye." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Likitar da muka samu daga baya wata dattijuwa ce a wani asibiti mai nisa. Ba ta da na'ura, daga tebur sai kujeru uku. Ta kusa awa biyu tana sauraron ƙanwata, ni kuma ta ce in jira a waje. Ta rubuta ƙwayoyi. Muryoyin da take ji suna yi mata magana suka ragu cikin 'yan makonni, amma maganin ya sandare mata wuya, hannunta na rawa, yawu na zuba, sai da aka yi ta canji kafin a dace. Ta yi ƙoƙarin komawa makaranta sau biyu. 'Yan ajinsu ba su manta ba, ita ma ba ta manta ba, sai ta haƙura.

Da na gama karatu na zaɓi fannin taɓin hankalin matasa. Abokaina suka ce na yi asarar kaina, wani malamina ya ce ko mata zan sha wuya kafin a ba ni. Shekarun farko na yi su ina yawo makarantun sakandare da takardun tambayoyi, daga cikin gari har Beri, ina tambayar yara yadda suke barci da abin da ke damunsu. Shugabannin makarantu da dama sun ce ba su da irin waɗannan yara. A kusan kowace makaranta kuwa sai wani ya tsaya bayan an watse, yana murza gefen riga, yana so ya ce wani abu.

A tsakiyar shekarun casa'in na sami gurbin bincike a ƙasar waje, inda ake da na'urar da ta fi waccan gani nesa ba kusa ba. Na shafe shekaru ina auna hotunan ƙwaƙwalwar samari da 'yan mata masu irin ciwonta, ina kwatanta su da na masu lafiya. Akwai bambanci, amma ba ya fitowa sai ka tara hotuna da yawa ka haɗa lissafinsu. Ka ɗauki na yaro guda ka ɗora a fitila, ba za ka iya cewa wannan shi ne mai ciwon ba. Na rubuta wannan a takardu da Turanci mai kyau, aka buga, aka gayyace ni taruka. Duk lokacin da na sauko daga kan mumbari ana tafi, sai in ji kamar na ci bashin yabon da ba nawa ba, don babu abin da na gano da zai rage wa wata yarinya a Kontagora kwana ɗaya na wahala.

Baba ya rasu ina can. Da na zo gaisuwa na tarar ƙanwata ita ke riƙe da gidan, ita ke girki, ita ke tuna wa Inna maganin hawan jini. Ta yi ƙiba saboda maganin, maganarta a hankali, wani lokaci takan tsaya tsakiyar zance ta kalli gefe, sannan ta ci gaba. Kowane wata tana zuwa asibiti a yi mata allura. Ranar zuwanta ta faɗo ina gari, na ce zan raka ta. Muka taka a ƙafa, ita a gaba, don ta fi ni sanin hanyar yanzu.

Nas ɗin ta tambaye ta wane ne wannan. Ƙanwata ta ce, "Yayana ne. Shi ma likita ne, amma na takarda." Nas ta yi dariya, ta ce in ba su wuri. Na fito na zauna a benci cikin masu jiran layi, riƙe da takalmanta da katinta.