Makirfon Kawu

Lokacin da nake karatu a Aliero wani ciwo ya kama ni, ciwon jita mai lantarki. Ba kiɗan biki nake so ba. Irin tsohon kiɗan Turawan nan nake nema da ake kira hebi metal, wanda jita ke gurnani kamar injin niƙa ya haɗiye tsakuwa. Sirrinsa shi ne ka murɗa amfilifaya har ƙarshe, sifika ta fara kuka, ka manna makirfo ɗaya a bakinta, ka ajiye na biyu daga nesa ya kwaso amon ɗaki. Ni kuwa makirfo ɗaya gare ni, kuma maƙwabtanmu na Jega sun riga sun kai ƙarata wurin babana har sun gaji.

Sai na tuna da kawuna, yayan mahaifiyata, ladanin wani masallaci a Gumbin Kure. Tun kafin a haife ni yake kiran salla, ba shi da abin alfahari a duniya da ya wuce wannan. Jama'a sun sayo masa makirfo marar waya, yana naɗe shi a tsumma kamar jariri. Na ce masa ɗaukar sauti zan yi. Bai tambaye ni wane iri ba. Ya ba ni makirfon, ya haɗa mini da tsohon akwatin karɓar sautin da suka daina amfani da shi, ya buɗe mini ɗakin ajiyar albasarsa da ke bayan masallaci.

"Ka maido min kahin la'asar, ɗana," in ji shi.

Buhunan albasa sun shanye amsa-kuwwa tsaf. Na jera kayana, na tada janareta, na kunna makirfon na ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, sabon akwatin da ke cikin masallaci yana nan a kunne, ba a kashe shi da rana saboda sanarwa, kuma shi ma yana jin makirfon nan. A ƙauyen, in lasifika ta yi ƙwas-ƙwas ba lokacin salla ba, kowa ya san rasuwa aka yi. Mata suka ajiye taɓarya, maza suka tsaya da fartanya a hannu suna jiran su ji wa Allah ya ɗauka. Sai na daki jita da iya ƙarfina.

Ni ina ciki ban san komai ba, murna ma nake yi, don ban taɓa samun sauti mai kauri irin na ranar ba. Da na ɗago kai, sai ga Kawu a bakin ƙofa yana haki, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Bayansa rabin gari ne. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Dattawan masallaci suka zauna a ranar, suka ce kayan jama'a ba na aro ba ne, suka karɓe makirfon da ladancin suka miƙa wa wani mai sauran ƙuruciya. Kawu ya ce a bar masa la'asar ɗin nan kawai. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya kira ta da bakinsa, muryar ko ƙarshen layi ba ta kai ba.

Ina ɗaure amfilifaya a bayan babur ya zo ya riƙe mini igiya.

"To, ka samu abin da kaka biɗa?"

Na ce na samu, Kawu.

"Madalla," ya ce. "Da ba ka samu ba, da ladancin ya tahi a banza."

Sautin yana nan a kwamfutata har yau. Ban taɓa iya saurarensa ba.