Tsohon Soja da Yaɗon Doya

Daga inda nake jiran mota ina hango shi ta saman katanga. Dattijo ne dogo, rigarsa a goge, tsayuwarsa irin ta tsohon soja. Kullum da safe yana gindin mangwaro, yana naɗa yaɗon doya a jikin itacen ta hagu, ya ɗaure da tsumma. Kafin gobe kan yaɗon ya warware, ya karkata dama.

Yau matarsa ta leƙo ta taga.

"Baban yara, ka bar abin nan ya bi hanyarsa mana. Ai zai hau."

"Ta inda na ce zai hau."

Ta saki labule. Gidan babba ne, amma ban taɓa ganin ɗa ko jika ya shiga ba.