Ɓauren da ruwa ya duka

A wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na fara famfarar haƙori, wani direban motar shanu ya sauke ƙaramin kwando a ƙofar ɗakinmu a Agege. Ɗanyen ɓaure ne a ciki, daga garinsu Baba. Baba mahauci ne, amma a lokacin ya daɗe kwance. Ciwo ya cinye shi, har koko ba ya iya haɗiyewa. Abu ɗaya ya roƙa, busasshen ɓaure irin wanda suke ci suna yara. Inna ta sa rai idan ya ɗanɗana shi bakinsa zai buɗe.

Muka zauna a baranda ni da ita muna tsaga ɓauren ɗaya bayan ɗaya, muna hure ƙananan ƙwarin da ke ciki. Ta shanya shi a tire a kan kwanon ɗaki kamar yadda ake yi a gida, ta manta cewa ranar Legas ba ta da alkawari. Kafin azahar ruwa ya kece. Washegari ma haka. Rabin ɓauren ya yi funfuna, sauran ya yi laushi yana neman tsami. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gaban mutane ba sai ranar.

Maƙwabciyarmu Iya Risi, Bayarbiya mai sayar da burodi, ta leƙa tiren ta ce, "Maman Sani, kuka ba ya busar da kaya. Ɗora tukunya." Aka tsince mai kyau, aka zuba mazarƙwaila da citta, aka matse lemon tsami. Ni ke fifita gawayi, Inna na juyawa da muciya, har ya yi kauri ya koma ja mai duhu. Ƙamshin ya cika gidan haya, yara suka bar wasan langa suka zo suka kewaye mu. Iya Risi ta gutsuro burodi mai laushi, Inna ta shafa, ta kai wa Baba.

Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe. Sai ya ce, "Wannan ba ɓauren garinmu ba ne. Amma ƙaro mini." Yanka biyu ya ci. Inna ta fito tana dariya tana share ido. Kullum da safe yakan ci kaɗan, mu kuma muka ɗauka sauƙi ne ya zo. Ɓauren bai ƙare a cikin kwalba ba Allah ya karɓi abinsa.

Yau kantuna cike suke da kwalaben abin shafa burodi, ’ya’yana ba su ma san ɓaure ba. Inna ta tsufa a ɗakina, kuma ko sau ɗaya ba ta sake dafa shi ba. Ni ma ban taɓa roƙonta ba.